Wadannin duniyoyi da curi-curin ƙanƙarar da ke bayan Neptun

Duk wanda ya yi lakwal a Damagaram kafin shekarar 2006 ya haddace cewa duniyoyi tara ne ke zagaye rana, kuma Pluto ce autarsu. Yaran yanzu kuwa takwas ake koya musu. Kwanan baya wani ƙanena da ke koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Birni ya zo mini da tambayar da ɗalibinsa ya jefa masa bayan yaron ya ga tsohon littafin yayansa a gida: "Mushe, to ina ta tara ta tafi?" Ƙanen nawa ya ce mini, "Yaya, wallahi cewa na yi an rage mata girma, amma ni kaina ban gamsu da amsar ba." Gaskiyarsa ce da bai gamsu ba, domin Pluto ba ta tafi ko'ina ba, ba ta kuma ragu da ko taƙi ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne an gano cewa ba ita kaɗai ba ce a inda take, tana da dangi dubbai, kuma tun daga ranar da aka gane haka masana ilimin taurari suke fama da tambayar da har yau ba su gama warware ta ba, wato wane ne cikin dangin nan ya cancanci a kira shi wadar duniya, wane ne kuma curin ƙanƙara kawai.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san irin nisan da ake magana a kai, domin alƙaluman biliyoyin kilomita ba sa zama a kai. Tsakanin duniyarmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150. Mu ƙaddara mun taƙaita wannan nisa ya koma kilomita ɗaya tak, mun kuma ajiye rana a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. A wannan ma'auni rana za ta zama ƙwallo mai tsayin mita tara da ɗoriya, duniyarmu kuma ta zama kamar lemo guda a nisan kilomita ɗaya daga fada. Neptun, wadda ita ce ta takwas kuma ta ƙarshe cikin manyan duniyoyi, tana kilomita 30, wato an wuce Mirya. Daga nan zuwa kilomita 50 shi ne yankin da ake kira ɗamarar Kuiper, kuma a cikinta Pluto take yawo, girmanta bai wuce ɗan magarya ba. Eris, wadda za mu zo kanta, ita ma ɗan magarya ce, kuma a halin yanzu tana wajen kilomita 96, kusan garin Magarya ke nan. To, mutumin da ke tsaye a Birni yana neman ya faɗi siffar ɗan magaryar da ke Magarya, cikin dare, ba tare da ya je can ba, shi ne kwatancin masanin da ke nazarin waɗannan halittu.

Kalmar ƙanƙara ma tana bukatar bayani, domin ba irin wadda yara ke tallanta cikin kula a watan Afrilu ba ce, wadda kafin a kai ta gida rabinta ya zama ruwa. A saman Pluto sanyi yana kai wa kimanin digiri 230 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan sanyi ƙanƙarar ruwa tana yin tauri kamar duwatsun Birni, har ana samun tsaunuka masu tsayin kilomita da dama waɗanda da ita aka gina su. Abubuwan da mu a nan muka sani a matsayin iska, kamar naitirojin da ke cike da iskar da muke shaƙa, da metan irin wanda ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu, su ne suke daskarewa a can su zama ƙanƙara mai taushi da ke kwanciya a kan ta ruwa.

Clyde Tombaugh ne ya gano Pluto a watan Fabrairun 1930 a cibiyar Lowell da ke jihar Arizona ta Amurka, ta hanyar kwatanta hotunan sama biyu da aka ɗauka a darare daban-daban yana neman ɗigon da ya gusa. Da farko an zaci ta kai duniyarmu nauyi. A hankali ƙiyasin ya yi ta raguwa, har zuwa 1978 lokacin da James Christy ya gano watanta Charon, wanda ya ba da damar auna nauyinta, sai ga shi ba ta ko kai watanmu ba. Faɗinta kilomita 2,377 ne. Tun a 1943 Kenneth Edgeworth ya yi hasashen cewa akwai tarin ƙananan halittu a bayan Neptun, Gerard Kuiper ya taɓo batun a 1951, sannan a 1980 Julio Fernández, ɗan ƙasar Uruguwai, ya nuna cewa taurari masu wutsiya da ke dawowa a kai a kai dole su kasance suna da wata ma'ajiya a wannan yanki. Amma ba a ga ko ɗaya ba sai a ƙarshen watan Agustan 1992, lokacin da David Jewitt da Jane Luu, bayan shekara biyar suna nema daga kan tsaunin Mauna Kea a Hawai, suka hango ɗigon da yanzu ake kira Albion. Daga nan ƙofa ta buɗe, kuma a yau waɗanda aka sani sun haura dubu uku.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne Eris. A watan Janairun 2005 Mike Brown da Chad Trujillo da David Rabinowitz suka gano ta cikin hotunan da aka ɗauka a cibiyar Palomar tun 2003, kuma da aka auna ta ta hanyar watanta Dysnomia, sai aka tarar ta fi Pluto nauyi da kusan kashi 27 cikin ɗari. Ke nan ko dai a ce duniyoyi sun zama goma, a kuma shirya ƙara wasu duk lokacin da aka gano sabuwa, ko kuma a sake ma'anar kalmar. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Prag, ta kuma yanke hukunci ranar 24 ga Agustan 2006 cewa cikakkiyar duniya sai ta cika sharuɗɗa uku: ta kasance tana zagaye rana, nauyinta ya isa ya mulmule ta, sannan ta mallake hanyarta ta yadda babu wani abu mai kama da girmanta da ke tarayya da ita a ciki. Wadda ta cika biyun farko ta kasa na uku, ba kuma watan wata duniya ba ce, ita ce wadar duniya. Ba wannan ne karo na farko da aka yi irin wannan gyara ba, domin Ceres, wadda Giuseppe Piazzi ya gano a Palermo ranar 1 ga Janairun 1801 tsakanin Mirrihu da Mushtari, ta shafe shekaru da dama cikin jerin duniyoyi kafin yawan maƙwabtanta ya sa a fitar da ita.

Yawancin surutun da aka yi bayan taron Prag a kan sharaɗi na uku aka yi shi, kuma Alan Stern, jagoran tawagar kumbon da ya je Pluto, har yanzu bai amince da shi ba. A ganina wannan gardama ba ta da wani nauyi sosai, domin tazarar da ke tsakanin manyan duniyoyi takwas da sauran a fili take: kowace cikin takwas ɗin ta fi duk tarkacen da ke kan hanyarta nauyi ninkin-ba-ninkin, Pluto kuwa ɗaya ce cikin taro. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗi na biyu, na mulmulewa, domin shi ne ya raba wadar duniya da curin ƙanƙara, kuma shi ne ba a iya gani da ido.

Mace mai cura fura tana matsa ta daga kowane ɓangare har ta zama dunƙule. A sararin sama, nauyin halittar ne da kansa yake yin aikin hannun, domin kowane yanki nata yana jan sauran zuwa tsakiya. Idan halittar ƙarama ce, ƙarfin jan bai kai taurin dutse ko ƙanƙarar da aka yi ta da shi ba, sai ta zauna da kowace irin siffa ta samu, mai ƙusurwa ko mai ƙusumbi. Idan ta yi girma sosai, jan yana rinjayar taurin, tudu ya nutse, kwari ya cike, jikin ya daidaita kamar yadda ruwa ke kwanciya cikin ƙwarya. Wannan daidaituwar ita ake nufi, ba zagayen siffa kawai ba. Duwatsun Birni ma ai a mulmule suke, amma zaizayar dubban shekaru ce ta goge su, ba nauyinsu ba. Da yake ƙanƙara ba ta kai dutse tauri ba, an daɗe ana zaton curin ƙanƙara zai mulmule da zarar faɗinsa ya kai kilomita 400, kuma hujjar ita ce Mimas, watan Zuhal, wanda faɗinsa bai cika 400 ba amma a dunƙule yake. Da wannan lissafi ne aka riƙa cewa wadannin duniyoyi za su kai ɗaruruwa. Sai dai Proteus, watan Neptun, ya ɗan fi Mimas girma kuma bai mulmule ba, abin da ke nuna cewa girma kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an san ko cikin halittar ya taɓa yin zafin da zai sa ya yi laushi.

Ga wahala ta biyu kuma, wato sanin girman shi kansa. In ban da Pluto da watanninta da wani ɗan ƙarami guda, babu wata halitta a wannan yanki da kumbo ya taɓa kusanta, kuma ko a madubin hangen nesa na Hubble mafi yawansu ɗigo ne kawai na haske. Ɗigon haske kuwa yana ruɗi, domin yaro mai farar riga da ƙato mai baƙar riga za su iya bayyana daidai wa daida ga mai hangensu daga nesa a farin wata. Eris tana mayar da kusan duk hasken ranar da ya faɗa mata, shi ya sa da farko aka zaci ta fi Pluto faɗi, alhali wasu danginta baƙaƙe ne kamar gawayi. Hanya ɗaya ta rage wannan ruɗi ita ce auna ɗumin da halittar ke fitarwa, tunda baƙin abu ya fi shan zafi, kuma madubban Spitzer da Herschel sun yi wannan aiki. Hanya ta biyu, wadda ta fi kowace kaifi, ita ce husufin tauraro.

Yadda abin yake shi ne, wani lokaci curin ƙanƙarar yana gittawa ta gaban wani tauraro mai nisa, sai inuwarsa ta faɗo a kan duniyarmu, inuwa mai faɗi daidai da faɗinsa, tana gudun kilomita ashirin da wani abu a daƙiƙa. Duk wanda ke cikin inuwar zai ga tauraron ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo. Idan an jera masu kallo daga arewa zuwa kudu, kowa da madubinsa da agogo mai daidaito, wanda ke tsakiyar inuwar zai ga ɗaukewar ta daɗe, wanda ke gefe ya ga ta gajarta, wanda ke waje bai ga komai ba, kuma idan aka haɗa waɗannan layuka sai siffar halittar ta fito kamar an zana ta a kan allo. Da wannan dabara aka auna Eris daga ƙasar Cile a watan Nuwamban 2010 aka sami kilomita 2,326, wato ta ɗan gaza Pluto a faɗi duk da ta fi ta nauyi. Aikin ba ya bukatar katafaren madubi, abin da yake bukata shi ne a kasance a daidai wurin a daidai daƙiƙar, shi ya sa ya taɓa zuwa yankinmu na Sahel: ranar 4 ga Agustan 2018, a tsakiyar damina, tawagar kumbon New Horizons, wanda ya je Pluto, tare da masana ƴan Senegal, cikinsu har da Maram Kairé, suka bazu a ƙasar suna jiran inuwar Arrokoth, ɗan curin da tsawonsa bai fi zuwa Mirya da dawowa ba. Shekara guda kafin nan an kama inuwar tasa a kudancin Ajantina, kuma tun daga wannan aka fara zargin cewa gida biyu ne.

Idan halittar tana da wata, to an sami ma'auni, domin nisan watan da tsawon lokacin da yake ɗauka ya zagaya suna bayyana nauyin uwar. Da aka haɗa nauyi da girma, sai aka ga abin da ya rushe zancen ɗaruruwa. Manya irin su Eris da Pluto a cure suke, sun ninka nauyin ruwa mai girmansu kusan sau biyu ko fiye. Amma wata halitta da ake kira 2002 UX25, mai faɗin sama da kilomita 600, ba ta ko kai nauyin ruwa ba, wanda ke nufin cikinta cike yake da ramuka, kamar buhun gawayin da ba a girgiza ba. A 2019 Will Grundy da abokan aikinsa suka kafa hujja da irin wannan cewa mafi yawan halittun da faɗinsu ke tsakanin kilomita 400 da 1,000 ba su taɓa matsewa sun zama dunƙule guda ba, balle su daidaita. Idan haka ne, jerin zai tsaya ne a ƴan kaɗan. Guda biyar ne ƙungiyar masanan ta amince da su, wato Ceres da Pluto da Eris, sai Makemake da Haumea da aka ƙara a 2008, kuma su biyun nan ma bisa ƙarfin haskensu aka karɓe su don a samu a raɗa musu suna, ba don an ga siffarsu ba. Tun daga lokacin ba a ƙara kowa ba, amma masana da yawa suna lissafa Gonggong mai faɗin kimanin kilomita 1,230, da Quaoar mai kusan 1,100, da Sedna mai kusan 1,000. Orcus, wadda faɗinta ya kusa nisan Damagaram zuwa Yamai a mota, tana bakin iyaka, Salacia kuma tana bayanta kaɗan.

Haumea ita ce ta fi nuna raunin kalmar mulmulewa. Tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin ƙasa da awa huɗu, kuma wannan gudu ya miƙar da ita ta zama kamar ƙwai, tsawonta ya haura kilomita 2,000 alhali kaurinta kusan rabin haka ne. Abu mai daidaito da ke juyawa da irin wannan sauri haka ya kamata ya kasance, saboda haka rashin zagayenta ba laifi ba ne. Amma husufin da aka kalla daga Turai a watan Janairun 2017 ya ba da siffar da ba ta yi daidai da lissafin farko ba, har wasu suka fara shakkar ko ta cika sharaɗin, ya kuma bayyana cewa tana da zobe kewaye da ita. A 2023 aka sanar da cewa Quaoar ma tana da zobe, kuma nata yana da nisan da bisa ƙa'idar da aka sani ya kamata tarkacensa su haɗe su zama wata, amma ba su haɗe ba.

Abin da ya sa bambancin nan ya wuce batun suna kawai ya fito fili ne daga wurare biyun da New Horizons ya ziyarta. Kumbon ya tashi a watan Janairun 2006, lokacin Pluto tana cikin tara, ya isa ranar 14 ga Yulin 2015, kuma saƙonsa yana ɗaukar awa huɗu da rabi kafin ya iso gida. Ya tarar da fili mai faɗin kimanin kilomita 1,000 na ƙanƙarar naitirojin, wanda aka raɗa wa Sputnik Planitia, babu ramin faɗuwar dutse ko guda a kansa, domin ƙanƙarar tana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama kamar kunu a kan wuta tana shafe duk wani tabo. Ke nan Pluto tana da sauran ɗumi a cikinta, tana kuma sake fuskarta. Ranar 1 ga Janairun 2019 kumbon ya wuce Arrokoth, sai ga curi biyu jajaye manne da juna, tsawonsu duka kilomita 36, babu alamar karo mai ƙarfi a mahaɗarsu, abin da ke nuna a hankali suka jingina da juna tun farkon samuwar iyalin rana, shekaru biliyan huɗu da rabi da suka wuce, kuma kusan haka suke har yau. Wadar duniya ta narke ta sake kanta, ta goge tarihinta na farko; ƙaramin curi bai taɓa narkewa ba, shi ya sa ya adana kayan ginin yadda suke.

Tsarin zaman waɗannan halittu kuwa aikin Neptun ne. Duk lokacin da Neptun ta zagaya rana sau uku, Pluto ta zagaya sau biyu, kowane zagaye shekara 248, kuma wannan daidaiton ne ya hana su haɗuwa duk da cewa tsakanin 1979 da 1999 Pluto ta fi Neptun kusa da rana. Orcus da wasu ɗaruruwa suna kan wannan taki. A 1993 Renu Malhotra ta bayyana cewa hakan zai faru idan Neptun ta samu ne kusa da rana sannan ta yi ƙaura zuwa waje tana kora abin da ke gabanta, wasu ta kama su cikin takinta, wasu irin su Eris ta watsa su kan hanyoyi masu tsawo da karkata. Triton, babban watan Neptun, wanda ya fi Pluto girma kuma yake zagayawa ta baya, ana ganin ɗan dangin ne da aka kama. Waɗanda aka tunkuɗo ciki kuwa, su ne idan sun kusanci rana ƙanƙararsu ke tashi mu gan su da wutsiya.

Sedna ce ba ta shiga wannan bayani ba. An gano ta a watan Nuwamban 2003, kuma ko a lokacin da ta fi kusa da rana tana kilomita 76 a ma'auninmu na fada, nesa da inda hannun Neptun ke kaiwa, idan kuma ta yi nisa tana haura kilomita 900, wato ta wuce Yamai, zagayenta guda yana cin fiye da shekara 11,000. Dole wani abu ne ya ɗaga ta zuwa can, ko dai wani tauraro da ya gitta kusa lokacin da rana take cikin taron ƴan'uwanta, ko kuma wata babbar duniya da ba a gani ba tukuna, kamar yadda Konstantin Batygin da Mike Brown suka yi hasashe a 2016 bisa yadda hanyoyin wasu halittu masu nisa suka karkata gefe guda. Wasu masana suna ganin karkatar ta samo asali ne daga ɓangaren saman da aka fi bincikawa. Cibiyar Vera Rubin da ke Cile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, za ta riƙa ɗaukar hoton saman kudu gaba ɗaya kowane ƴan kwanaki har tsawon shekara goma, kuma ana sa ran za ta ninka yawan halittun da aka sani a bayan Neptun sau da yawa, wanda zai nuna ko karkatar gaskiya ce. Ita kuwa Sedna ba a ga wata a tare da ita ba, saboda haka ba a auna nauyinta ba, kuma shigarta jerin wadannin duniyoyi ya dogara ne a kan girmanta da hasken fuskarta kawai. Za ta iso wuri mafi kusa da rana wajen shekarar 2076.